Gawo da Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa a Kwarin Gulbin Maraɗi: Abin da Bincike Ya Nuna da Abin da Ya Kamata Mu Auna

Tsakure

Takardar nan ta duba rayuwar gawo, itacen da masana ke kira Faidherbia albida, a gonakin da ke kewaye da birnin Maraɗi, daga Jiratawa ta kudu zuwa Tibiri ta arewa maso yamma. Ta tattaro sakamakon binciken da aka yi a Nijar, Senegal, Burkina Faso da Habasha kan saiwarsa, zubar ganyensa da hulɗarsa da ƙasa, hatsi da dabbobi, ta kuma waiwayi yadda masanan ƙasashen sanyi suka bi diddigin itacen betula, domin hanyar aikinsu tana da amfani a gare mu. Matsayin takardar shi ne, alherin da ake yabon gawo da shi ya rataya a kan abu biyu: ruwan da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, da dabbobin da ke yawo da irinsa. Ƙidayar itatuwa daga sama ba ta ganin ko ɗaya daga cikin biyun.

Gabatarwa



Birnin Maraɗi da muke cikinsa, har da wannan unguwa ta Sabon Gari, yana bisa tudu ne saboda ruwa. Ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta rusa tsohon garin da ke cikin kwari, aka hau sama aka yanka sababbin unguwanni. Kafin wannan, kwarin kurmi ne mai duhu, kuma duhunsa na cikin abin da ya ba Katsinawan da suka baro birninsu bayan 1807 mafaka, kamar yadda Gobirawa suka kafa Tibiri a gefensa a 1836. Noman gujiya na zamanin Faransa, yawan jama'a da farin shekarun 1970 da 1980 suka share mafi yawan wannan daji. A ƙidayar 2012 jihar Maraɗi tana da mutum miliyan 3.4, kuma a kudancinta da wuya ka ga gonar da ake barin ta ta huta. Ruwan sama kuwa yana kaiwa da komowa ne a kusa da milimita 500 a shekara, cikin wata uku zuwa huɗu.

A irin wannan ƙasa, itacen da ke iya zama cikin gona ba tare da ya yi kishi da hatsi ba ya wuce abin ado. Shi ya sa ake ruwaito cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun sanya hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare gawo. Manomi ya san darajarsa tun kafin masani ya ba shi suna. Delile ne ya fara rubuta siffarsa a 1813, ya sanya shi cikin dangin bagaruwa da sunan Acacia albida, sai Auguste Chevalier ya ware shi a 1934, ya ba shi rukuni nasa shi kaɗai, domin halayensa sun saɓa wa na sauran dangin.

Itacen da ke rani da damina a juye

Halin da ya fi fitar da gawo daban kowa ya san shi. Idan ruwa ya sauka, sauran itatuwa suka yi kore, shi sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara. Idan damina ta doshi ƙarshe sai ya fara toho, ya yi fure da kaka, ya nuna ƴaƴa cikin ɗari da bazara, ya riƙe ganyensa a lokacin da ƙasa ta bushe ƙurmus. Tambayar da masana suka daɗe suna yi ita ce: daga ina yake shan ruwa a watan Maris?

Amsa mafi ƙarfi ta fito daga aikin Olivier Roupsard da abokansa a Burkina Faso, wanda aka buga a 1999. Ruwan sama da ya jiƙa saman ƙasa da ruwan da ya daɗe kwance a ƙarƙashi ba su da nauyin oksijin iri ɗaya, kuma ana iya gane bambancin a ɗakin gwaji. Da suka auna ruwan da ke gudana cikin jikin gawo, sai suka ga ya yi daidai da na ƙarƙashin ƙasa a mafi yawan shekara. Sun kuma ga cewa da rani itacen ba ya nuna alamar ƙishi sosai, kuma a lokacin ne yake yin kauri. Shekara bakwai kafin wannan, Dupuy da Dreyfus sun haƙa ƙarƙashin gawo a yankin Luga na Senegal, suka tarar da bakteriyar da ke zama a saiwarsa har zurfin mita 34, dab da matattarar ruwa.

Ke nan gawo maƙwabcin rijiya ne. Inda guga ke iske ruwa, nan saiwarsa ke zuwa. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa ƙaramin gawo yake daɗewa kamar ba ya girma: shekarunsa na farko aikin ƙasa yake yi, yana tura uwar saiwa cikin rairayi, kuma sau da yawa yakan riƙe ganye da damina kamar kowane tsiro, sai ya kai ga ruwa sannan halin manyansa ya zauna masa. Ya kuma bayyana dalilin da ya sa yake son jigawa mai zurfi da bakin gulbi, yake ƙin wurin da tsandauri ko marmara ta tare hanya.

Dalilin zubar ganyen da damina bai sami amsa ɗaya da masana suka haɗu a kai ba. Wasu sun ɗora abin a kan ƙarancin iska a saiwa idan ƙasa ta cika da ruwa. Wasu sun ce gado ne daga asalinsa na bakin kogi. Wasu kuma suna ganin dabara ce ta kauce wa gasa da ciyawa da ƙwarin damina. Abin da manomi zai iya shaida a kai shi ne, sara yana rikita wannan tsari: gawon da aka yi wa aski mai tsanani da bazara yakan fito da sabon ganye cikin damina, ya yi wa hatsi inuwa a lokacin da ba a so. Masu bincike a Burkina Faso sun rubuta haka, tare da raguwar ƴaƴa a shekarun da ke biyo bayan saran.

Akwai darasi guda daga tashar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, da ya kamata masu shirin dashe su riƙe. A ƙarshen shekarun 1980 an gwada irin gawo daga sassa daban-daban na Afirka. Irin kudancin Afirka ya yi saurin tsayi har ya burge, amma ya mutu da yawa da rani ya tsananta, na Afirka ta Yamma kuwa ya yi jinkiri a sama, ya jure. Rick Vandenbeldt ya buga bayanin a 1991, ya danganta bambancin da yadda kowane iri yake kafa saiwa. Itacen da ya yi kyau a gandun reno ba lallai ne ya rayu a jigawar Tibiri ba.

Gawo ne ke gina ƙasa, ko ƙasa mai kyau yake zaɓa?

Nan ne nake so in daɗe, domin nan ne muka fi yawan maimaita magana ba tare da tantancewa ba.

Alƙaluman da aka fi ambata sun fito daga Bambey ta Senegal. Charreau da Vidal, a 1965, sun auna gero a gindin gawo da wanda ke fili, suka sami na gindin ya ninka na filin fiye da sau biyu. Wannan sakamako ya yi yawo cikin littattafai da rahotannin ƙungiyoyi har ya zama kamar doka. Amma da Kho da abokansa suka yi gwaji mai tsauri kusa da Yamai, wanda aka buga a 2001, ƙarin da suka samu kusan kashi 36 cikin 100 ne. Sun nuna cewa babban dalilin ƙarin shi ne naitirojin da fosfaras da ke samuwa a gindin itacen, kuma idan aka zuba wa gonar taki isasshe, tazarar da ke tsakanin gindi da fili takan ragu ƙwarai. Dukkan sakamakon biyu gaskiya ne a inda aka auna su. Abin da suke koya mana shi ne, girman alherin ya danganta da talaucin ƙasar, da girman itacen, da ruwan shekarar.

To daga ina takin yake zuwa? An saba cewa gawo dangin wake ne, yana jawo naitirojin daga iska ta hanyar bakteriyar saiwarsa. Haka ne, amma da Ndoye da abokansa suka auna a Senegal a 1995, sun ga ƙaramin gawo bai kai wasu danginsa irin su kandili ƙwazo a wannan aiki ba. Saboda haka sai a duba sauran hanyoyin. Ta farko, saiwa mai zurfi tana ɗauko sinadarai daga inda saiwar hatsi ba ta kaiwa, ganye ya zuba a farkon damina, ya ruɓe daidai lokacin da shuka ke buƙata. Ta biyu, itacen yana tare ƙurar hunturu da ɓuntun da iska ke kwasa. Ta uku, kuma ina ganin ita muka fi rainawa, da bazara gawo ne kaɗai ke da inuwa da ƴaƴa, don haka shanu, awaki, tumaki da raƙuma suna yini a gindinsa, su ci can, su yi kashi nan. Wani kaso na takin da ke gindin gawo daga wani wuri aka ɗauko shi. Tarawa ce, kuma tarawa tana da iyaka: idan kowace kusurwa ta gona ta sami gawo, dabbobin da za su raba wa kowa kashi ba su ƙaru ba.

Akwai kuma wani bincike na Sadore da ya ƙara dagula lissafin. Geiger, Vandenbeldt da Manu, a farkon shekarun 1990, sun lura cewa a cikin gandun gawo da aka dasa rana ɗaya, wasu itatuwa sun yi girma, wasu sun tsugune. Da suka haƙa, sai suka ga masu girman suna tsaye ne a kan ƙasar da tun farko ta fi kyau, galibi tsofaffin wuraren gara. Ma'ana, idan ka ga babban gawo da hatsi mai kyau a gindinsa, mai yiwuwa ƙasar ce ta raini su biyun. A wannan tasha kuma Vandenbeldt da Williams suka nuna a 1992 cewa ƴar inuwar rassa, ko ba ganye, tana rage zafin saman ƙasa a lokacin da hatsi ke tsirowa, lokacin da rairayin da rana ta gasa yake iya ƙone tsiro. A Habasha, Sida da abokansa sun ga irin wannan sassauci a gonakin alkama a 2018. Daga filin awo da aka kafa a yankin Niakhar na Senegal kuma, an buga a 2020 cewa tasirin gawo a kan gero yana kaiwa kimanin mita 17 daga gindinsa, wato ya zarce iyakar inuwarsa nesa. Idan haka ne, gwaje-gwajen da suka ɗauki gero na ƴan taku kaɗan daga itace a matsayin na fili sun rage wa gawo haƙƙinsa.

Hukuncina shi ne, alherin gawo tabbatacce ne, amma haɗin dalilai ne da yawa, kuma rabon kowane dalili yana canjawa daga gona zuwa gona. Mai sauraro zai lura cewa wuraren da na lissafa su ne Bambey, Luga, Niakhar, Sadore, Burkina da Habasha. Da alƙaluman waɗannan wurare muke yi wa manomin Jiratawa wa'azi.

Abin koyi daga masu binciken betula

A dazuzzukan arewacin Turai, Rasha da Kanada akwai wani itace mai farin ɓawo da masana ke kira Betula. Ta fuskar siffa ba abin da ya haɗa shi da gawo. Saiwarsa ba ta da zurfi, irinsa ƙanana ne masu fiffike da iska ke ɗauka, kuma gajartar yini ce ke sa shi ya daina girma ya shirya wa sanyi. Shi ne ke fara mamaye wurin da gobara ko sara ta share. Amma an yi masa irin tambayar da muke yi wa gawo, domin shi ma an daɗe ana cewa yana gyara ƙasa.

A Sukotlan, John Miles ya kwatanta dazuzzukan betula masu shekaru daban-daban, ya ga tsamin ƙasa yana raguwa, tsutsotsin ƙasa suna ƙaruwa, yayin da dajin ke tsufa. Bai tsaya nan ba, domin ya san za a ce masa ƙila itacen ƙasa mai kyau ya zaɓa. Sai aka yanka filaye biyu-biyu a kan ƙasa iri ɗaya, aka dasa betula a ɗaya aka bar ɗaya, aka jira. Bayan fiye da shekara 20, Ruth Mitchell da abokanta suka koma suka auna, suka buga a 2007 cewa itacen da kansa ya sauya ƙasar da halittun da ke cikinta. Wanda ya dasa daban, wanda ya girbi amsar daban. A Finlan, inda betula yake itacen ƙasa, an shafe shekaru tun daga 1960 da wani abu ana zaɓen iri da gwada shi a yankuna, har masanan Jami'ar Helsinki suka jagoranci karanta dukkan ƙwayoyin gadonsa a 2017.

Akwai gargaɗi ma daga can. A 1997 Suzanne Simard ta buga cewa betula da wani itace na Kanada suna musayar abinci ta zaren naman gwari da ke haɗa saiwoyinsu. Labarin ya yi daɗi, ya bazu a littattafai da finafinai, har a 2023 Justine Karst da abokanta suka bi bayan hujjojin suka nuna cewa abin da ake faɗa ya zarce abin da aka auna. Mu ma muna da labari mai daɗi a Maraɗi, kuma ya kamata mu tsare shi daga irin wannan.

Sassabin zamani da matsayin gawo a cikinsa

Labarin sananne ne, zan taƙaita. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki da mishan ta SIM a nan Maraɗi a lokacin, ya gane a 1983 cewa ƙananan tsirran da ake sassabewa kowace shekara tohon kututturai ne masu rai. A yunwar 1984 zuwa 1985, wadda mutanenmu ke kira El-Buhari, an haɗa rabon abinci da sharaɗin barin toho a ƙauyuka kusan ɗari. Da rabon ya ƙare, an sare mafi yawan itatuwan, amma waɗanda suka bari sun ga amfani, abin ya yaɗu daga gona zuwa gona. A watan Mayun 1984 kuma aka yi babban taron ƙasa kan hamada a wannan birni, wanda ya haifi Alƙawarin Maraɗi. Sassaucin dokar daji, daga tsarin dokokin karkara na 1993 zuwa dokar gandun daji ta 2004 da dokar 2020 kan renon toho a gonaki, ya ƙara wa manomi ƙarfin zuciyar cewa itacen da ya raina nasa ne. Chris Reij, Gray Tappan da Mahamane Larwanou sun ƙiyasta cewa abin ya shafi hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 Rinaudo ya karɓi lambar Right Livelihood, a shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, itatuwan ba iri ɗaya ba ne. A Magarya, Matamaye da Mirya, gawo ne ya mamaye gonaki. A jigawar Maraɗi, kamar yankin Ɗan Saga na Agye, waɗanda suka fi yawa su ne sabara, kalgo da taramniya, masu saurin toho daga kututture. Suna ba da itacen girki, suna tare iska, amma aikinsu ba na gawo ba ne. Gawo yana iya tohowa daga saiwa, sai dai babbar hanyar yaɗuwarsa iri ce, kuma irinsa yana da ɓawo mai tauri da ruwa ba ya ratsawa da sauƙi. A gandun reno sai an jiƙa shi da ruwan zafi ko an kankare shi. A gona kuwa dabba ce ke wannan aiki: ta ci kwanson saboda daɗinsa da furotin ɗin da ke cikinsa, irin ya bi ta cikinta, ya fita cikin kashi nesa da uwarsa, a tsakiyar takin da zai raine shi, ya kuma tsira daga ƙwarin da ke huda irin da ya daɗe zube a gindi.

Yanzu ku dubi yadda kiwo ya sauya a kewayen birni. Ana tsince ƴaƴan gawo a buhu a kai kasuwa don masu turka raguna a cikin gari. Ana kwashe kara da harawa daga gona da zarar an yi girbi, don haka garken Fulani ba ya samun abin da zai zaunar da shi. Burtaloli sun ƙuntata. Irin da aka ci a wani gida na Sabon Gari ba zai koma gona ba sai idan an kai takin da amalanke. Wanda ya tsira kuma yana fuskantar garmar shanu, wadda ba ta kauce wa ɗan tsiro yadda mai hauya yake kaucewa, sannan akuya tana jiran sa da rani. A Habasha, Sida da abokansa sun nuna cewa gandun gawo na iya cika da manyan itatuwa alhali yana kan hanyar ƙarewa, saboda ƙananan ba sa kaiwa ga girma. Tauraron ɗan'adam zai ga inuwa mai faɗi ya ba da rahoto mai daɗi. A 2023 an buga ƙidayar itatuwa kusan biliyan 10 a busassun yankunan Afirka da ke kudu da Sahara ta wannan hanya, aiki ne babba, amma hoton ba ya ganin tsiron da bai kai gwiwa ba.

Ruwan kwarin

Gulbin Maraɗi daga Nijeriya yake fitowa, ya shigo ta wajen Madarunfa, ya ratsa Jiratawa da Maraɗi da Tibiri, ya sake komawa Nijeriya ya haɗu da Rima. Tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina a farkon shekarun 1990, yawan ruwan da ke isowa da lokacin isowarsa sun sauya. Masanan ruwa na Jami'ar Abdou Moumouni, cikin shirin GroFutures, sun nuna cewa malalar gulbin tana cikin manyan hanyoyin da ruwan ƙarƙashin kwarin yake samun ƙari. A ɗaya gefen kuma jan ruwa yana ƙaruwa: filin noman rani na Jiratawa, mai fiye da hekta 500, wanda aka kafa a farkon shekarun 1980, da rijiyoyin burtsatse yake aiki, ga lambunan zogale, tumatir da albasa da suka cika kwarin da injinan ban-ruwa da famfunan hasken rana, ga birni mai girma kullum yana sha.

Ban kawo wannan don in zargi mai lambu ba. Noman rani ya rufa wa dubban gidaje asiri. Abin da nake cewa shi ne, mai lambu da gawo daga tulu ɗaya suke sha, kuma mai lambu yana iya ƙara tsawon bututu cikin yini guda, tsohon itace kuwa sai a hankali yake bin ruwan da ya gudu. Kuma ruwan ƙasa ba lallai ne ya bi hanya ɗaya ko'ina ba. A kewayen Yamai, Leduc da Favreau sun nuna cewa ya ɗaga da kusan mita 4 tsakanin shekarun 1960 da 2007, duk da fari, saboda share daji ya ƙara kwararar ruwa zuwa tafkuna. Mutanen Tibiri kuma sun fi kowa sanin cewa ruwan zurfi da na kusa ba ɗaya ba ne, tun bayan rijiyar burtsatsen shekarun 1980 da sinadarin fuloraid ɗinta ya lalata ƙasusuwan yara masu yawa. Saboda haka ba a yin hasashe a kan ruwan ƙasa, awo ake yi, wuri-wuri, shekara-shekara.

Wani ƙarin dalili na kula da gawo, a gurguje. Leo Zwarts da abokansa, da suka ƙirga tsuntsaye a itatuwan Sahel, sun ga gawo yana cikin ƴan itatuwa kaɗan da ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari da ke zuwa daga Turai suka dogara da su a lokacin sanyi, dalbejiya kuwa kusan ba sa kula ta. Wanda ke cike gurbin gawo da dalbejiya ya san cewa inuwa kawai ya maye.

Shawarwari

Kayan aikin da ake buƙata ba su fi ƙarfinmu ba. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana nan, cibiyar INRAN tana Tarna, ma'aikatan gandun daji suna kowace gunduma. Ina ba da shawarar a kafa filayen awo na dindindin a jere, daga gindin gulbi zuwa kan jigawa, ɗaya a Jiratawa, ɗaya a Tibiri, ɗaya a gefen birni. A kowane fili a sa wa kowane gawo lamba, har da wanda bai kai taƙi ba, a riƙa auna kaurinsa, a rubuta ranar tohonsa da ranar zubar ganyensa da ranar da aka sare shi. A kusa da shi a sami rijiyar awo, ko ma rijiyar gari, a riƙa jefa igiya kowane wata ana rubuta zurfin ruwa. Ɗalibi da littafi da igiya sun isa fara wannan.

Sai kuma gwajin filaye biyu-biyu irin na Sukotlan: ƙasa ɗaya da aka auna sinadaranta tun kafin dashe, gefe da gawo, gefe babu, wani sashe a killace daga dabbobi, wani a bar su su shiga. Da wannan ne kawai za a raba aikin itace da aikin saniya da aikin gara. Irin da za a dasa ya zama na gida, daga uwayen da manoma suka nuna da kansu, domin sun san gawon da ke yawan ƴaƴa da wanda ke saurin zubar da ganye. Amsar ba za ta fito cikin wa'adin shekara uku na masu ba da tallafi ba, don haka filayen su zama mallakar jami'a da ƙauyen da suke ciki, da yarjejeniya a rubuce da masu gonaki da sarakuna.

Ga masu tsara noman rani, roƙona shi ne duk sabuwar rijiyar burtsatse da za a haƙa a kwarin ta zo da rijiyar awo, kuma a buɗe alƙaluman ga ɗalibai. Ga malamaina da ke rabon batutuwan bincike a wannan shekara, ina roƙon a ba ɗalibi ɗaya gawon Jiratawa, ɗaya na Tibiri, a kuma ajiye littattafansu inda wanda zai zo bayansu zai same su.